Yadda za ka bar wa dila setin injin mashin ɗinka, kuma kar ka biya kuɗin da ba naka ba

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, duk mai mashin a Birnin Kebbi magana ɗaya ce a bakinshi, a rage mishi shan mai. Ƙanena da ke kabu-kabu tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo shi ma haka ya yi, sabon mashin ko wata biyu bai cika ba ya kai wa wani yaro a bakin hanya ya matse mishi kafireta, ba a yi sati ba inji ya fara zafi kamar murhu, yana tari in ya ɗauko mutum biyu. Da muka koma inda aka saya, Alhajin ya duƙa ya duba kan sukurori ya ga sawun sukundireba, ya miƙe ya ce ai an riga an buɗe, ba ruwansu. Da kuɗinmu aka canza bawul. Abin ya yi min ciwo ƙwarai don mashin ɗin ma biya ake yi duk sati, shi ya sa na ce bari in rubuta wanga bayani ko wani ya tsira.

Abu na farko tun ranar saye yake farawa, ba ranar da inji ya lalace ba. Ka san wurin wa kake saye. Akwai dila na gaskiya wanda kamfani ya san da shi, yana da wurin sabis da bakanikensa, akwai kuma ɗan kasuwa da ke saro mashin a kwali yara su haɗa mishi a ƙofar shago. Na biyun ba ɓarawo ba ne, wani lokaci ma ya fi sauƙi, amma da ka fita da mashin shi kenan kun rabu. Bajaj Boxer da TVS 'yan Indiya ne, Haojue da Jincheng 'yan Chana, Honda kuma tana da masana'anta a Ota ta jihar Ogun, kowanne da irin sharaɗin garantinsa. Saboda haka kafin ka ƙirga kuɗi ka ce, Alhaji ina littafin sabis da katin garanti? Rasit ɗin ya ɗauki lambar inji da lambar shasi da kwanan wata da hatimin shago, ka duƙa da kanka ka karanta lambar a jikin ƙarfe ka gwada da ta takarda. Sannan ka tambaya ƙarara: sabis nawa ne kyauta, mi ke cikin kyautar, kuma a ina za a yi? Yawanci kuɗin aiki ne kawai kyauta, baƙin mai kai ke saye. In ya ce "kar ka damu, ai mun zama ɗaya", ka yi godiya, ka roƙe shi ya rubuta a bayan rasit ya sa hannu. Ba rashin kunya ba ne wannan, ai ko a addini an ce a rubuta bashi.

Daga nan sai ka kiyaye mita. Mutanenmu da wayar mita ta tsinke sai su ƙyale, alhali ita ce shaidarka. Sabis na farko galibi tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000 yake faɗowa, littafinka zai gaya maka daidai, kuma a wannan tsakanin kar ka ɗora mishi buhunan shinkafa daga Argungu kana murɗa wuta har ƙarshe, fistin da ringi ba su gama zama ba. Baƙin man farko da za a juye ka duba shi a rana, za ka ga ɗan ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, wannan ba matsala ba ne, shi ya sa ma ake son a juye da wuri. Wanda ya tsallake sabis ɗin farko ya ba dila hujjar ƙin biya da hannunshi.

To ranar seti, a nan ne maganar amana take. Ni ra'ayina, muddin garanti bai ƙare ba kar kowa ya taɓa cikin inji sai bakaniken dila, ko da bakanikenka na unguwa ya fi su hannu. Amma yarda ba ta hana tsayawa a wurin. Ka je da safe, ka bar inji ya huce, don setin bawul a sanyi ake yinshi, da 'yan siraran ƙarafan awo masu lamba, ba da kunne ko ƙiyasin hannu ba. In ka ga an ɗaure bawul tamau don kawai ƙarar "tak-tak" ta ɓace, ka yi magana, bawul da ya matse ba ya rufewa da kyau, shi ke ƙonewa, gara ɗan ƙara kaɗan da shirun da zai ci maka kuɗi. Kafireta kuma ka ce a mayar da ita yadda kamfani ya ce, ba yadda za ta fi tsotson mai kaɗan ba. Fulogi shi ke faɗin gaskiya: ka sa a kwance maka bayan ka yi 'yar tafiya, in bakinshi ruwan ƙasa ne lafiya lau, in ya yi baƙin toka mai ya yi yawa ko iyakilina, wato matatar iskar inji, ta toshe, in ya yi fari fat to mai ya yi kaɗan, inji na ƙuna. Da hunturu ƙurar da ke hanyar Jega da Bunza kaɗai ta isa ta toshe iyakilina, mashin ya riƙa shan mai, mutum ya ɗauka kafireta ce alhali wanke soso kawai ake buƙata.

Baƙin mai a buɗe galan a gabanka, na mashin ba na mota ba, don kulocin mashin cikin mai yake wanka, wani man motar yana sa shi sulɓi. Kusan lita ɗaya ƙananan mashinan nan ke ci. In an canza wani abu ka karɓi tsohon. Kafin ka tashi a rubuta kilomita da kwanan wata a littafi a buga hatimi, ka ɗauki hoto da waya ka ajiye don littafi na jiƙewa a ƙarƙashin sit da damina.

Yanzu in matsala ta taso, misali hayaƙi fari-shuɗi daga salansa, ko baƙin mai na raguwa ba yoyo, ko ƙara daga can ƙasan inji, ka tsaya da hawa nan take. Ka ɗauki bidiyo da mita a ciki, ka kai wa dila mashin ɗin ba tare da kowa ya sa sifana ba. Kafin su kwance ka tambaya, wannan aikin a kan garanti ne ko a kaina? A yanke magana tukuna, don da zarar inji ya zube a ƙasa ba ka da bakin ciniki. Ka kuma san iyakarka, taya da birki da sarƙa da fulogi da ƙwan fitila kaya ne masu cinyewa da aiki, ba wanda zai biya maka su, haka ɓarnar faɗuwa ko ta gurɓataccen man bumburutu. Garanti na aibin da ya zo daga kamfani ne.

In sun ce sai an aika wa kamfani, ka nemi takardar karɓar mashin da ranar da za ka dawo, don ɗan kabu-kabu kowace rana da mashin ya kwana a shago balas, kuɗin da yake biya wa mashin, na taruwa a kanshi. In an fara yi maka gobe-jibi, ka kira lambar kamfanin da ke cikin littafi da kanka ka ba su lambar inji. Bai yi ba, ka ɗauki wani dattijo ku je wurin shugaban masu sayar da babura na kasuwar, sau da yawa a nan magana ke mutuwa don ba mai son a ɓata mishi suna a cikin 'yan'uwansa. In har nan ma ya ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ana shigar da koke ta shafinsu na intanet, za ka haɗa hoton rasit da katin garanti da shafukan littafin sabis masu hatimi da bidiyon da ka ɗauka.