Yadda Ake Wanke Injin Mota Mai Maiƙo Ba Tare Da An Jiƙa Wayoyi Ba

Duk maiƙon da ka gani a jikin inji daga wani wuri ya fito. Ko dai gasket, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗar ƙarafa biyu, ya saki, ko oyil sil, wato zoben robar da ke tare mai, ya cinye, ko kuma ranar juye an ɗiga mai a gefe ba a goge ba. Ƙurar hanya ta zo ta zauna a kai, zafin inji ya gasa ta, wata ƙurar ta sake hawa, har abin ya zama daskararren baƙin datti da sai an kankare. Wannan datti yana cutar da mota a hankali. Mai yana laushe roba, shi ya sa za ka ga tiyon lagireto ya kumbura ko robar da inji ke zaune a kai ta ruɓe. In ya zuba a kan manifol, wato bututun da hayaƙi ke fita daga inji ta cikinsa, sai wari da hayaƙi, wani lokaci har wuta. Sannan yana ɓoye wa bakanike inda matsalar take, ya koma aiki da hasashe, kai kuma kana biyan kuɗin hasashen.

Sai dai yadda ake wankin a wurare da yawa ya fi dattin illa. Mota ta shigo da zafinta, a ɗaga bonet, a watsa fetur ko gas, a saita mata bakin injin feshi mai ƙarfi kamar ana wanke taya. Da an gama sai ta ƙi tashi, ko ta tashi tana kakkarwa, fitilar cek injin ta kama, a wuce wajen mai gyaran wayoyi. Wankin inji aikin hannu ne da burushi da haƙuri, ruwa ɗan kaɗan yake buƙata. In kana da 'yan awanni da inuwa, za ka iya yi da kanka a ƙofar gida.

Abin da za ka tanada

Ledoji masu kauri, salatef ko kyauro, sifana mai lamba 10, burushin fenti, tsohon burushin haƙori, ɗan katako mai faɗin baki na kankara, tsummoki da yawa, kwali ko tsohon faranti na sa wa ƙarƙashin mota, kwalbar feshi, bokiti da buta, da safar hannu ta roba. Kada ka raina safar. Tsohon baƙin mai yana da guba, yawan zamansa a fata ba alheri ba ne.

Maganar abin wankin ita ce ke buƙatar tsayawa. Mafi dacewa shi ne maganin narkar da maiƙo da ake kira digiriza, ana samunsa a shagunan kayan mota, kuma wanda ake surkawa da ruwa ya fi sauƙi ga roba da fenti. In babu, sabulun ruwa na wanke-wanke a cikin ruwan ɗumi yana aiki, sai dai za ka maimaita. Kalanzir yana da amfani a wurin da dattin ya yi kauri a jikin ƙarfe, amma da burushi ake shafa shi, a nesa da tiyo da bel da wayoyi, a bi shi da sabulu. Fetur kuwa a bar shi kwata-kwata. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙarƙashin mota yana bin ƙasa, tartsatsi ɗaya daga kan batir ko murhun maƙwabta ya isa. Haka nan soda irin ta haɗa sabulu: tana cin alminiyam, kuma yawancin injinan yanzu kansu da murfinsu na alminiyam ne. Za ta bar maka farin tabo da ba ya fita.

Bari ya huce, sannan ka cire batir

Inji mai aiki yana kai wajen digiri 90 na zafi, manifol kuma ya ninka haka sau da yawa. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai irin wannan zafi yana iya tsaga shi ko ya lanƙwasa shi. Ka kashe motar, ka ɗaga bonet, ka ba ta aƙalla awa ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: in za ka iya ɗora tafin hannunka a saman injin ka bar shi, to ya yi. Ɗan ɗumi-ɗumi ma taimako ne, domin maiƙo ya fi saurin sakewa. Da safe ko bayan la'asar ya fi, saboda rana tana busar da sabulu kafin ya yi aiki.

Daga nan ka kwance kan batir, ka fara da baƙar waya mai alamar ragi. Dalilin shi ne ita ke haɗe da jikin mota. In ka fara da jar waya, sifana ta taɓa ƙarfen mota, tartsatsi zai tashi. Ka kawar da wayar gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa ba. Ka sani cewa wasu motocin, musamman Honda, rediyonsu zai nemi lambar sirri bayan an cire batir, wasu kuma silonsu, wato aikin inji in mota tana tsaye a kunne, zai ɗan rikice na ɗan lokaci kafin ya daidaita. Idan motarka mai haɗin fetur da lantarki ce irin Prius, manyan wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200. Kada ka taɓa su, kada ka jiƙa su; irin wannan mota gugar tsumma ta ishe ta.

Kafin ruwa, ka yi sharar bushe. Ka tsince ganye da ciyawa da suka taru a gindin gilashin gaba da kusurwoyi, ka kakkaɓe ƙura da burushin fenti. Ka duba ko ɓera ya yi gida, domin yana son ɗumin inji kuma yana cin wayoyi. Wayar da ka gani a sale, a naɗe ta tun yanzu.

Rufe abin da ba ya son ruwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ita ce ta farko: jikinta duk ramuka ne na shan iska, ruwa da sabulu suna shiga kai tsaye. Ka sa mata leda ka ɗaure. Sai akwatin fiyus, sai bakin da inji ke shaƙar iska. Wannan bakin ka toshe shi sosai, saboda ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga silinda aka tayar da mota, yana iya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da fistin, daga wanki an koma sauke inji.

Sauran ya danganta da motar. Tsofaffi irin Peugeot 504 da Golf 3 suna da distiributa, wato na'urar da ke raba wa fulogi wuta, wadda ɗan laima kaɗan ke hana ta ba da wuta, a rufe ta, masu kafireto kuma a rufe shi shi ma. Motocin baya-bayan nan irin Corolla da Camry da Accord kowane fulogi da koyil ɗinsa mai ba shi wuta a kai, zaune a cikin rami mai zurfi a saman inji. Ruwa in ya gangara cikin ramin nan ba shi da mafita, shi ne ke sa kakkarwar da ake gani bayan wanki. Ka shimfiɗa leda a saman gaba ɗaya, wajen nan da tsumma za ka goge shi daga baya. Ka kuma nemi inda kwamfutar motar take, wadda makanikai ke kira biren bos. A wasu motocin tana ciki, bayan akwatin gaban fasinja. A wasu tana nan cikin bonet kusa da batir ko tukunyar iska. In a bonet take, ta fi komai tsada a wurin, a rufe ta ninki biyu.

Ka tabbatar sandar auna mai ta zauna daram, murfin mai da na birki da na sitiyari duk a ɗaure suke. Ka tura kwali ƙarƙashin mota.

Wankin kansa

Fara da kankara. Inda dattin ya yi tudu, kamar gefen inji, saman giya da ƙarfen da ke ƙarƙashi, ka bi da katakon nan ka kwashe a kwali. Abin da ka cire a bushe ya rage maka sabulu da ruwa. Kada ka yi da sukundireba, yana karce alminiyam yana huda tiyo.

Sai ka fesa maganin, ɓangare-ɓangare, daga ƙasa zuwa sama. Ka ba shi minti uku zuwa biyar ya jiƙa, amma kada ka bari ya bushe. In ya fara bushewa ƙara fesawa. Ka bi da burushin fenti a faffaɗan wuri, burushin haƙori a lungu da kewayen notuna. Za ka ga baƙin ya narke ya koma ruwan ƙasa-ƙasa yana gangarowa, ƙarfen ya fara leƙowa fari a ƙarƙashi. Ka share da tsumma kafin ka je gaba. Wuri mai taurin kai ka maimaita sau biyu ko uku, ya fi ka ƙara ƙarfin magani. In ya fantsama a fentin gefen mota, goge shi nan take.

Kan batir in ya yi farin gari ko kore-kore, aikin asid ne. Cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, a shafa da burushi, zai yi kumfa ya narke. A kula kada ya shiga cikin batir ɗin, kuma a kiyaye ido.

Ɗauraya da buta ake yi, ko tiyo da aka rage wa ƙarfi har ruwan yana zuba a hankali. Ka zuba daidai inda ka wanke, ka kauce wa soket-soket na sensa. Lagireto da na'urar sanyaya ta AC da ke gabansa su ne ke son ruwa sosai, domin ƙurar hunturu da ƙwari suna toshe ramukansu har mota ta riƙa zafi a cunkoso. Ka zuba daga bayansu zuwa gaba in hannu zai kai, kuma kada ka goga musu burushi mai tauri, siraran ganyayyakinsu saurin lanƙwashewa gare su.

Ruwan da ya sauko baƙi ne mai haɗe da mai. Kada ka bar shi ya bi kwata ko ya nutse kusa da rijiya. Unguwanni da yawa ruwan da ake sha daga ƙarƙashin wannan ƙasar yake fitowa. Ka zuba yashi ko garin katako ya tsotse, ka kwashe.

Busarwa da tayarwa

Goge duk inda hannu ya kai. In akwai mai faci kusa, iskar injinsa tana korar ruwa daga lungu da soket fiye da kowane tsumma. Ka cire ledojin a hankali yadda ruwan da ya taru a kansu ba zai zube kan abin da suka rufe ba, ka ƙirga su kamar yadda ka sa su, musamman ta bakin iska. Ka goge saman inji da tsumma mai ɗan laima, ka bar bonet a buɗe awa guda. Sannan ka mayar da baƙar waya, ka tayar, ka bar motar a silo minti goma zuwa sha biyar. Ɗan tururi da ƙarar bel na farkon minti ba komai ba ne.

In kuwa ta kama kakkarwa, kashe ta. Kada ka yi ta taka totur wai ruwan zai ƙone, ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa yana lalata matatar hayaƙi. Kwance koyil ɗaya bayan ɗaya, ka busar da ramin da iska ko tsumma a naɗe, ka mayar. Mai distiributa a buɗe murfinta a goge cikin.

Akwai al'adar shafa wa inji gas ko mai, har da man birki, don ya yi ƙyalli. Ban ga amfaninta ba ko kaɗan. Man birki yana cin fenti, mai kuma gayyatar ƙura ne, cikin mako guda an koma gidan jiya. Bel kuwa ko me ya taɓa shi mai santsi zai riƙa zamewa. Ƙyallin kuma yana ɓoye ɗigo, shi ya sa ma in ka je sayen motar hannu ka tarar da inji yana walƙiya jiƙe da mai, ka nemi a tayar a zaga da ita tukuna, ka sake leƙawa.

Nemo inda man ke fita

Yanzu da ƙarfe ya fito fes, ka hau motar kwana biyu ko uku, sannan ka ɗaga bonet da tocila. Mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma tana tura shi baya, saboda haka inda ka ga ya taru ba lallai nan ne tushen ba. Ka bi sawun zuwa sama da gaba har inda ya fara. Yawanci za ka tarar da gasket ɗin murfin saman inji ne, ko gindin oyil filta, ko ƙaramin suwic ɗin da ke kunna fitilar mai, ko sil ɗin bayan fuli. Launi ma yana magana: baƙi ko ruwan zuma man inji ne, ja yawanci na giya ne ko na sitiyari, kore ko ruwan hoda mai barin farin ɓawo ruwan lagireto ne. In ɗigon ya yi ƙanƙanta, barbaɗa hodar jarirai a wurin da kake zargi, washegari za ka ga siririn layi a cikin farin.

Ka ɗauki hoton wurin ka nuna wa bakanike, a canza abin da ya saki. Idan an toshe ɗigon, wanki irin wannan sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, bayan hunturu da bayan damina, tsakani kuma gugar tsumma ce kawai duk ranar juye.