Kurakuran da aka fi yi wajen cike takardar ɗaukar nauyin mata ko miji zuwa Amurka

Bayan hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta amince da takardar I-130, wato buƙatar da ake shigarwa don kawo mata ko miji, ta kuma tura fayil zuwa cibiyar biza ta NVC da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, abin da ya fi riƙe ma'aurata shi ne fom I-864, wato takardar da mai neman kawo matarsa ko mijinta yake sa hannu a kai cewa ya ɗauki nauyin wanda zai zo. Sau da yawa ba rashin kuɗi ne ke jawo jinkirin ba. Mutum yana da aiki, yana da albashi mai kyau, amma abin da ya rubuta a fom bai yi daidai da abin da ke takardun harajinsa ba, ko kuma ya ƙirga mutanen gidansa ba daidai ba. Duk lokacin da NVC ta dawo da fayil don a gyara wani abu, sai ya sake bin layi. Don sauƙin bayani za mu yi magana kamar miji ne ke ɗaukar nauyin matarsa, amma dokar ɗaya ce ko da matar ce ke kawo mijinta.

Ɗaukar fom ɗin da ba shi ba

Wasu kan cike I-134 saboda sun ga wani ya yi amfani da shi. Wannan na bizar wadda za a aura ne, wato K-1, da wasu bizojin ziyara. Matar da aka riga aka ɗaura aure da ita I-864 take buƙata. Akwai gajeren fom, I-864EZ, amma yana da sharuɗɗa uku: kai ne ka shigar da I-130, mutum ɗaya kake ɗaukar nauyi, kuma duk kuɗin da za ka dogara da su albashi ne ko fansho da ke rubuce a takardar W-2, wato takardar albashin shekara da wurin aiki ke bayarwa. In kana sana'ar kanka, ko za ka haɗa da dukiya, ko da kuɗin wani, ka koma cikakken fom. Kuma kada ka yi aiki da kwafin da wani ya turo maka tun bara. Ka sauko da sabo daga shafin USCIS ranar da za ka cike, domin ana sabunta shi, kuma kwanan watan bugun yana ƙasan kowane shafi.

Ƙidayar mutanen gida

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin daga wannan adadi ake sanin kuɗin da ake nema a wurinka. Za ka ƙirga kanka, da matar da za ta zo, da duk 'ya'yanka da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba, da duk wanda ka rubuta a takardar harajinka cewa yana ƙarƙashin kulawarka, da duk wanda ka taɓa sa wa hannu a I-864 a baya in alhakinsa bai sauka daga kanka ba.

Kuskure iri biyu ake yi, kuma suna kishiyantar juna. Na farko shi ne ƙirga matar sau biyu. Fom ɗin yana da gurbin adadin waɗanda kake ɗaukar nauyi, sannan a ƙasa yana da gurbin da ake tambaya ko kana da aure. Mutum ya rubuta 1 a sama ya sake rubuta 1 a ƙasa, sai gidan mutum biyu ya koma na uku, kuɗin da ake nema ya ƙaru da kusan dala dubu bakwai ba gaira ba dalili. In matarka ce mai zuwan, an riga an ƙirga ta a sama, a gurbi na biyu sifili za ka sa. Na biyu shi ne barin 'ya'yan da ba sa zaune tare da kai, misali waɗanda ke hannun tsohuwar matarka ko suke wata ƙasa. Su ma ana ƙirga su. Jami'in biza yana da I-130 a gabansa da DS-260, wato fom ɗin neman biza na matar, da takardun haraji, in sunan yaro ya fito a can bai fito a nan ba, zai gani.

Wani abin da kan zo wa mutane ba zato: in kai ɗan ƙasar Amurka ne kuma matarka tana da 'ya'ya daga auren baya da za su biyo ta, ba sa shiga ƙarƙashin takardarta. Kowane yaro sai da tasa I-130 da tasa I-864.

Nawa ake nema, kuma wane kuɗi ake ƙirgawa

Ƙa'ida ita ce kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, wanda ake sabuntawa kowace shekara ana kuma buga shi a jadawalin I-864P. A shekarar 2025, a yawancin jihohi, gidan mutum biyu ya buƙaci dala 26,437, na mutum uku dala 33,312, na mutum huɗu dala 40,187. Alaska da Hawayi suna da nasu adadin da ya fi haka. Sojan da ke bakin aiki, in matarsa ko ɗansa yake kawowa, kashi 100 kawai ake nema daga gare shi. Ka duba jadawalin shekarar da kake ciki, kada ka dogara da na bara.

A gurbin kuɗin shigar shekarun baya, adadin da ake so shi ne jimillar kuɗin shiga, wanda a fom ɗin harajin tarayya 1040 na 'yan shekarun nan yake layi na 9. Mutane da yawa kan kwafo na layi na 11, ko adadin da ke W-2, ko su rubuta wani abu da ka. Ka kwafa shi daidai, dala da dala. Shi kuwa gurbin kuɗin shiga na yanzu daban yake: abin da kake sa ran samu a bana ne daga aikin da kake yi yau. In ana biyan ka dala 18 a awa, awa 40 a mako, sai ka ninka da mako 52, ya ba ka dala 37,440. Ka mara masa baya da takardun biyan albashi na wata shida da wasiƙa daga wurin aiki mai ɗauke da ranar da ka fara, matsayinka da albashinka. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga wanda bara yake makaranta ko bai da aiki, domin takardar harajinsa za ta nuna kaɗan, alhali halin da yake ciki yanzu ya wadatar.

Masu sana'ar kansu, irin su direbobin Uber da masu shago, su ne suka fi shan mamaki. Mutum ya tara dala 60,000 a shekara, amma lokacin haraji ya cire kuɗin mai da tafiyar mota da gyara a takardar harajin masu sana'a, Schedule C, har abin da ya saura ya koma dala 19,000. Ya ji daɗin ragin haraji a watan Afrilu, amma wajen biza dala 19,000 ɗin nan su ne kuɗin shigarsa. Ba za ka ce wa hukumar haraji kai ƙaramin mai samu ne ka ce wa ofishin jakadanci kai babba ne ba. Kuɗin da ake ba ka a hannu ba ka bayyana ba su ma ba su da gurbi a nan. Haka tallafin gwamnati na marasa ƙarfi, irin su SSI da SNAP, ba a lissafa shi a matsayin kuɗin shiga.

Takardun haraji

Na shekarar da ta gabata ne wajibi. Na shekara uku zaɓi ne, ka haɗa in za su ƙarfafa maka. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka sauko da taƙaitaccen bayanin harajinka daga shafin hukumar haraji ta IRS, kyauta ne, kuma NVC ta fi son sa. In kwafin 1040 ɗinka za ka tura, sai ka haɗa duk W-2 da 1099, wato takardar kuɗin da ba albashi ba, da sauran shafukan da suka bi shi. Shafi biyu na farko kaɗai ba sa wadatarwa. Kuma harajin tarayya ake nema, ba na jiha ba.

Matsalar da ta fi cin lokaci ita ce mutumin da ya yi aure amma ya ci gaba da cike haraji a matsayin marar aure, wai don matar ba ta Amurka. A dokar haraji, wanda yake da aure ranar 31 ga Disamba mai aure ne a duk shekarar, ko ina matar take. Ga shi kana ƙoƙarin gamsar da jami'i cewa aurenku na gaskiya ne, ga takardar da ka sa wa hannu tana cewa ba ka da aure. Gyaran shi ne fom 1040-X. Za ka iya cikewa a matsayin mai aure da ya shigar da nasa daban, ko ku shigar tare bayan an nema mata lambar biyan haraji ta ITIN da fom W-7. Ka fara wannan tun I-130 tana hannun USCIS, domin IRS kan ɗauki watanni kafin ta kammala gyara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

In ba ka shigar da haraji ba alhali ya wajaba a kanka, ka shigar da shi ko da a makare kafin ka tura fom. In kuwa bai wajaba ba saboda samunka bai kai ba, ka rubuta gajeren bayani ka sa hannu, ka faɗi shekarar da dalilin. Barin gurbin fanko shi ne kuskuren.

Cike giɓi da dukiya

In albashi bai kai ba, dukiya na iya cike giɓin, amma ba dala da dala ba. Ɗan ƙasa da ke kawo matarsa sai ya nuna ninki uku na giɓin, mai katin zama na dindindin kuwa ninki biyar. A ce gidanka mutum uku ne, ana neman dala 33,312 bisa jadawalin 2025, kai kuma kana samun dala 28,000. Giɓin dala 5,312 ne. Ɗan ƙasa zai nuna dukiyar dala 15,936, mai katin zama dala 26,560. Dukiyar dole ta zama wadda za a iya mayarwa tsabar kuɗi cikin shekara guda. Gida ana lissafa ƙimarsa ne bayan an cire bashin da ke kansa, tare da takardar mai ƙiyasta farashi. Mota ba ta shiga sai in kana da fiye da ɗaya, kuma aka bar ɗaya a waje. Dukiyar matar ma tana iya shiga, amma albashinta na ƙasarsu ba ya shiga in aikin zai tsaya da zarar ta tashi.

Dabarar aron kuɗi a zuba a asusu kwana biyu kafin a ciro bayanin banki ta daɗe da tsufa. Ana iya neman bayanin watanni da dama, kuma asusun da ya saba riƙe dala 800 ya wayi gari da dala 20,000 tambaya yake jawowa. A ganinmu, wanda giɓinsa ke da faɗi gara ya nemi mai tsaya masa da ya yi ta harhaɗa dukiya.

Mai ɗaukar nauyi na biyu

Ba sai ɗan'uwa ba. Duk ɗan ƙasa ko mai katin zama da ya kai shekara 18 kuma yake zaune a Amurka zai iya. Abin da ake yawan fahimta a baibai shi ne ba a haɗa kuɗinku wuri guda. In kana da dala 15,000 shi yana da dala 20,000, ba ku zama masu dala 35,000 ba. Shi kaɗai zai cika kashi 125 na gidansa haɗe da matarka. Zai cike tasa I-864, ya haɗa takardun harajinsa da shaidar matsayinsa, kamar fasfon Amurka ko katin zama gaba da baya. In shi da matarsa suke shigar da haraji tare kuma sai da albashinta adadin ke cika, ita ma sai ta sa hannu a I-864A. In nasa kaɗai ya isa, ya haɗa W-2 ɗinsa don a ga rabonsa a cikin jimillar.

Inda ake iya haɗa kuɗi shi ne da ɗan gida, wato mahaifi, ɗa baligi ko ɗan'uwa da kuke zaune a adireshi ɗaya, ta hanyar I-864A. Kuma ko da an sami mai tsayawa, kai da ka shigar da I-130 dole ka cike taka, ko da samunka sifili ne.

Mijin da ke zaune a waje

Ɗan Amurkan da ke zaune da matarsa a wata ƙasa yana da ƙarin aiki: ya nuna cewa Amurka ce mazauninsa, ko zai koma kafin matar ta shiga ko tare da ita. Mai ɗaukar nauyi na biyu ba ya magance wannan komai arzikinsa. Shaidun da ke aiki su ne takardar samun aiki a Amurka, yarjejeniyar hayar gida, asusun banki mai motsi, rajistar yara a makaranta, da takardun harajin da ka ci gaba da shigarwa, domin zama a waje bai ɗauke wa ɗan ƙasa wajibcin shigar da haraji ba.

Ƙananan abubuwa

Sa hannu da alƙalami, ba buga suna da kwamfuta ba. Ɗora dukkan shafukan fom a CEAC, shafin intanet da ake tura wa NVC takardu ta cikinsa, har da waɗanda ba ka rubuta komai a kai ba. Duba cewa hoton kowace takarda ya fito sarai, ba a yanke gefe ba. Ba a buƙatar hatimin lauya ko na mai shaida rantsuwa. Duk takardar da ba da Turanci take ba, sai a haɗa ta da fassara mai sa hannun mai fassarar. In ranar ganawa da jami'in biza ta faɗo bayan 15 ga Afrilu, wa'adin shigar da haraji, matar ta tafi da takardar harajin sabuwar shekara da sababbin takardun albashi, in ba haka ba ana iya ba ta takardar 221(g), wato a hana bizar har sai ta kawo su daga baya. Kada kuma a bar fayil ya shekara ba a tuntuɓi NVC ba, domin doka ta ba da damar soke shi.

Abin da ake sa wa hannu

Tun dokar shige da fice ta 1996, wannan takarda yarjejeniya ce da kotu ke iya tilasta cikawa. Matar na iya kai ƙara ta nemi a riƙe ta a kan kashi 125 ɗin, hukumar da ta ba ta tallafin marasa ƙarfi kuma na iya neman a mayar mata da kuɗinta. Saki ba ya warware ta. Alhakin yana sauka ne in ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara zango 40 na aiki, wato kimanin shekara goma, ko ta bar Amurka ta rasa katin zamanta, ko ɗayanku ya rasu. Duk wannan ya hau kan mai ɗaukar nauyi na biyu kamar yadda ya hau kanka, don haka ka faɗa masa gaskiya kafin ya sa hannu, kada ka ce masa takarda ce kawai. Kuma muddin alhakin na nan, duk wanda ya sa hannu ya sauya gida sai ya sanar da USCIS da fom I-865 cikin kwana 30. Tarar rashin yin haka daga dala 250 take farawa zuwa 2,000, tana kuma iya kaiwa 5,000 in ya san matar ta karɓi tallafin gwamnati.