Sababbin Zuwa: Ku Fara Gwada Murhun da Ruwa Zalla

Sai ka ga mutum ya sauka a Turai ko Amurka, ya wuce jami'an shige da fice ko gezau, ya gane kan jirgin ƙasa cikin 'yan kwanaki, amma ya shiga kicin ɗin gidan haya ya yi turus a gaban wani baƙin gilashi da aka ce shi ne murhu. Ba ashana, ba harshen wuta, ba ma abin murɗawa. Wasu sukan kwashe makonni suna sayen abincin waje, aljihu na ƙonewa, don kawai ba su yarda su taɓa shi ba.

Ba tsoron ƙuna ne kaɗai ba. Akwai fargabar lalata kayan mai gida a zabtare kuɗin ajiyar da aka karɓa lokacin shiga, akwai kuma kunyar a ce babba da kai ba ka iya kunna murhu ba. A ganina kunyar nan ta fi komai ɓarna, domin ita ke sa mutum ya jira sai dare ya yi, ba kowa, yunwa ta ci shi, sannan ya hau danne-danne. Matambayi ba ya ɓata, 'yan'uwa. Maƙwabcin da kuke jin nauyinsa ma wani ne ya nuna masa.

Shawarata ita ce gwajin farko ya zama da rana, ciki a ƙoshe, ba baƙo a hanya, kuma ruwa zalla za a ɗora. Ruwa ba ya kama wuta, ba a asarar cefane, ga shi yana nuna wa ido ƙarfin kowace lamba.

Murhun gilashi iri biyu ne, kuma a fuska kamarsu ɗaya. Na farko idan an kunna shi da'irar takan yi ja, yana karɓar kowace tukunya mai shafaffen gindi. Na biyu shi ne indakshan: a ƙarƙashin gilashin akwai naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe da ke haifar da ƙarfin maganaɗisu, wannan ƙarfin ne ke zafafa gindin tukunyar kai tsaye. Shi ya sa za ku ɗora tukunyar alminiyam, ku danna 9, wata alama ta yi ta ƙyaftawa, can ya yi ƙara ya mutu. Lafiyarsa ƙalau, tukunyar ce bai sani ba. Ku ciro maganaɗisun da ke manne a ƙofar firiji ku kanga a gindinta. In ya kama, za ta yi. In ya faɗi, sai a nemi wata. Maɓallansa kuma ba sa son gaggawa: a ɗora busasshen yatsa a ɗan dakata daƙiƙa ɗaya ko biyu. In alamar makulli na haske, an kulle shi ne saboda yara, a danne ta na 'yan daƙiƙoƙi ta buɗe. Harafin H bayan an kashe yana nufin gilashin da sauran zafi. Abin da ya kamata a ji tsoro a nan shi ne saurinsa, don mai yakan yi hayaƙi kafin ka gama yanka albasa, saboda haka a fara daga 5 ko 6. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya ya fara tambayar likitansa.

A Ingila, kafin ku kira mai gida ku ce murhu ya mutu, ku duba bango. Galibi akwai wani babban jan makunni kusa da shi, in a kashe yake ba abin da zai motsa. Obin da yawa a Turai kuma ba sa kunnuwa sai an saita agogonsu, musamman bayan an ɗauke wuta.

Tunda an zo kan obin, a kula da ma'auni. Amurka da Fahrenheit take aiki, 350 a can kusan 180 ne a ma'aunin Celsius na Turai, wanda a tsohon obin gas na Ingila shi ne lamba 4. In akwai alamar fanka, a rage 20 a ma'aunin Celsius daga abin da aka rubuta. Sabon obin fil yakan yi wari a kunnawar farko, don haka a cire leda da kwalin da ke ciki, a buɗe taga, a bar shi ya yi zafi ba komai a ciki na kamar rabin awa.

Na'urar da kuka taho da ita a akwati kuwa, ku juya gindinta ku karanta kafin ku jona. Amurka da Kanada bolt 120 suke bayarwa, Ingila da sauran Turai 230. Ɗan abin da ake sakawa a bakin fulogi siffarsa kawai yake sauyawa, ba ya rage ƙarfin wuta. Injin niƙa na 120 a soket ɗin 230 nan take zai ƙone. In an rubuta 100–240V, ko'ina ya yi.

Tukunyar firesha ita ce aka fi tsoro, saboda hucinta. Tsohuwar dabara ce, tun 1679 Bafaranshe Denis Papin ya ƙera irinta. Tana tsare tururi har zafin ciki ya kai wajen 120 a ma'aunin Celsius, shi ya sa take dafa abu cikin ƙanƙanen lokaci. Na zamani murfinsu ba ya buɗuwa muddin akwai matsi a ciki, kuma hucin nan alama ce cewa tana fitar da rarar tururi yadda ya kamata. Kada a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, rabi in abin mai kumbura ne ko mai kumfa. A duba robar murfi ta zauna, a kauda fuska da hannu daga hancin tururi, kada kuma a yi kokawa da murfin.

Maikirowef ba ya sa wa abinci guba, girgiza ruwan da ke cikinsa kawai yake yi har ya yi zafi. Ba ya son ƙarfe, ba ya son ƙwai da ɓawonsa, ba a kunna shi wayam. Injin wanke-wanke kuma da sabulunsa na musamman, in aka zuba masa na wankin hannu kumfa za ta malale kicin.

Sai ƙararrawar hayaƙi. Za ta yi kururuwa wata rana kuna tsakiyar suya, gaba ya faɗi, a ji kamar duk unguwa ta ji. A sauke tukunya, a buɗe taga, a kunna fankar da ke saman murhu, a danna maɓallin da ke tsakiyar ƙararrawar. Don Allah kada a cire mata batir, kada a ɗaure ta da leda. In kuwa mai ne ya kama da wuta, ruwa ba ya zuwa wajen sam, domin tsiri wutar za ta yi har rufi. A kashe murhu, a rufe tukunyar da murfin ƙarfe in za a iya ba tare da haɗari ba, kada a ɗauke ta. In abin ya fi ƙarfi, a fita da kowa, a ja ƙofa, a kira 999 a Ingila, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada.

In ba a bar muku takardar bayani ba, sunan kamfani da lambar samfurin suna jikin na'urar, sau da yawa a gefen ƙofa, kuma da su za a samo takardar a intanet. Duk abin da kuka tarar ya tsage ko ba ya aiki, ku ɗauki hotonsa tun makon farko ku aika wa mai gida a rubuce, da kwanan wata.