Yadda Ake Samun Lambun Unguwa Mai Shiru a Abuja, a Zauna a Huta

In ka ce wa mazaunin Abuja ya je ya sha iska, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Millennium Park ko bakin tafkin Jabi. Wuraren suna da kyau, babu musu. Millennium Park da ke Maitama hekta 32 ne, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ce ta buɗe shi a Disambar 2003, lokacin da ta zo taron ƙasashe rainon Ingila. Amma leƙa can ranar Lahadi da la'asar ko washegarin Salla ka sha kallo: masu hoton biki, masu yanka kek, yara na guje-guje, kowane gungu da tasa lasifikar. Wanda ya yini a ofis, ya kuma sha cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa, ba wannan yake nema ba. Ƙananan lambunan cikin unguwa su ne maganinsa, sai dai samun shiru a cikinsu yana da dabara.

Matakin farko shi ne ka gano lambun, kuma nan ne aikin yake. Tsarin ginin Abuja na 1979 ya ware filaye masu ciyawa da itatuwa a tsakanin gidaje, musamman a bakin rafuka da kwazazzabai inda ba a so a yi gini. Shi ya sa tsofaffin unguwanni irin su Garki, Wuse, Maitama da Asokoro suka fi sababbi yawan irin waɗannan wurare. Daga baya hukuma ta ba 'yan kasuwa hayar da yawa daga ciki don su kula da su, wasu suka riƙe amana, wasu kuwa suka mayar da su mashaya da wajen gasa kifi, irin waɗanda ake kira gadin. A taswirar waya duk kore za ka gan su, ba za ta bambance maka ba. Don haka duba taswirar ka zaɓi biyu ko uku mafi kusa da kai, sannan ka taka da ƙafa da rana ka gani da idonka.

Alamun ba sa ɓuya. In ka hango kujerun roba an jibge su sama da tsayin mutum, ga akwatunan kwalabe a gefe, ga janareta, ga katafaren talabijin na kallon ƙwallo a rataye, to wurin dare ne, wuce abinka. Wanda kake nema shi ne mai bencin siminti ko na katako, da 'yar siririyar hanya ta masu tafiya a ƙasa, da ciyawar da aka yanke. Masu sayar da furanni da dashe a bakin titi sun fi kowa sanin wannan harka, domin a gefen irin filayen suke kasa hajarsu, da ruwan rafin suke ban-ruwa. Yi musu sallama ka tambaya, za su gaya maka wanda ake shiga da wanda kullum a kulle yake.

Na biyu, lokaci. Lambu ɗaya ne, amma na ƙarfe takwas na safe daban, na biyar na yamma daban. Da sassafe masu motsa jiki ne ke zagaye, yawanci kafin tara sun watse sun tafi aiki. Daga nan zuwa azahar a ranakun aiki, kai ne da tsuntsaye da mai shara. In aikinka bai ba ka wannan dama ba, safiyar Asabar ko ta Lahadi ta fi yammacinsu nesa ba kusa ba. Yanayin shekara ma abin dubawa ne. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce, wuri ya yi kore shar, amma hadarin Abuja ba ya shawara, kuma ciyawa na riƙe da raɓa har hantsi. Disamba da Janairu akwai hazo da sanyin safe, mai asma ya ɗauki takunkumi. Fabrairu da Maris kuwa rana ba ta wasa, in ka wuce sha ɗaya ba ka samu inuwa ba, ka wahalar da kanka.

Kaya kada su yi yawa. Darduma ko 'yar tabarma, gorar ruwa babba wadda za ta isa sha da alwala, leda ta zuba shara, da ɗan canji a aljihu. Ƙananan lambuna da yawa ba su da banɗaki mai aiki, to ka kimtsa tun daga gida, balle in da yara.

Sai shiga. In akwai maigadi, kada ka wuce shi kamar ba ka gan shi ba. “Baba, sannu da aiki. Ana shiga a ɗan zauna?” Wannan gaisuwa tana da rana. Shi zai gaya maka ko ana biyan kuɗin shiga, da lokacin da ake rufe ƙofa, da ɓangaren da bai kamata ka nufa ba. Wani zai ce maka, “Alhaji, bi ta dama, can ƙasa ruwa ya kwanta.” Tambaye shi kuma batun abinci da hoto, domin wasu wuraren ba sa barin a shigo da abinci daga waje, wasu kuma suna karɓar kuɗi in sun ga babbar kyamara. In za ka fita ka miƙa masa na goro. Zuwa na gaba ba sai ka yi bayani ba.

Kada ka zauna a inuwar farko da ka gani. Zagaya wurin sau ɗaya a hankali, ka ga su wa ke ciki, ina ƙofa take, ina ƙarar titi ta fi sauƙi. Sannan ka zaɓi bishiya. Darbejiya ta fi, a ganina: inuwarta sanyi, ƙarƙashinta ba ya tara ƙazanta. Mangwaro na da inuwa mai duhu, amma ɗaga kai ka duba rassan tukuna. In ka ga ganyaye an naɗe su dunƙule guda, gidan jajayen tururuwan nan ne masu cizo, kuma ba za su bar ka ka gama shimfiɗa darduma ba. Itacen turare dogo ne kawai, inuwarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ka nisanci doguwar ciyawa da bakin rafi, musamman da damina, saboda maciji da sauro. Ka kuma zauna inda ake hango ka daga hanya ko daga ƙofa. Neman shiru ba ya nufin kutsawa lungun da ko ka yi ihu ba mai ji. Mata su fi kiyaye wannan, kuma zuwa su biyu ya fi.

To, ka zauna. Abin da ya rage shi ne mafi wuya ga mutumin birni: saka waya a aljihu. Mu Hausawa mun saba hutunmu a cikin jama'a yake, a majalisa ko teburin mai shayi, har ana ganin wanda ya keɓe shi kaɗai ko dai yana da damuwa ko zaman kashe wando yake yi. Minti goma na farko hannunka zai ta kai wa aljihu. Daure. Can za ka fara jin kukan kurciya daga saman bishiya, ka ga ƙadangare mai jan kai ya sauko yana gyaɗa maka kai daga gefen benci, ka lura ganye yana motsi ko da kai ba ka jin iskar. Mai karatu ya buɗe littafinsa ko Alƙur'aninsa, mai carbi ya ja, wanda barci ya ɗauka kuma ya tabbata wayarsa da makullinsa suna ƙarƙashinsa. In lokacin salla ya riske ka, alƙibla daga Abuja gabas ce da karkatawa zuwa arewa. Yi alwala a gindin bishiya, ba a kan hanyar mutane ba.

In da iyali ka zo, shirun zai ragu, wannan dole ne. Sai ku ɗauki gefe guda, a bar ƙwallo a fili, kada a tsinki furanni, a kuma bar lasifika a gida.

Tashi tun kafin magariba. Sauro na fitowa, yawancin ƙananan lambuna ba su da fitilu, kuma masu harkar dare a lokacin suke fara jera kujeru. Tattara ledar ruwa da ɓawon gyaɗa ka fita da su, don kwandon shara ba ko'ina ake samu ba. Batun komawa gida ma ka tsara shi tun kana ciki: an hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, Keke Napep ma ba kowace unguwa yake shiga ba. Kira mota ta manhaja kana tsaye kusa da maigadi, ka duba lambarta kafin ka shiga, ko ka taka zuwa tashar da ka sani. Kada ka tare motar da ba ta da fenti a bakin titi da duhu, ko da ka ga fasinjoji a ciki, domin haka 'yan wan-cans, ɓarayin da ke yi wa fasinja fashi a cikin mota, suke cika motarsu da mutanensu.