Idan ka sauka Indiya: kalmomin da za ka riƙa ji a bakin maƙwabta

Ɗan'uwa, barka da sauka. Maganar rajista a ofishin FRRO, wato ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasashen waje, cikin kwana 14 ga mai bizar da ta wuce kwana 180, da inda ake sayar da naman halal, waɗanda suka riga ka zuwa za su faɗa maka tun kafin ka kwance jaka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda za ka fahimci mabiya addinin Hindu, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kusan kai kashi 80 cikin ɗari na ƙasar. Finafinan da muka taso muna kallo rawa da waƙa suka koya mana, ba abin da ke cikin zuciyar mai gidan hayarka ba.

Fara da karma, domin a nan na yi tuntuɓe. Watana na biyu a Delhi, shagon mai gidanmu ya ƙone. Na je jaje, ya girgiza kai ya ce karma ce. Na ce a raina ai ƙaddara yake nufi, ashe bakinmu ɗaya. Ba haka ba ne. Mu mun yi imani Allah ne ya rubuta. Shi kuwa yana nufin sakamakon aikin da shi da kansa ya yi, wataƙila a wata rayuwa da ta gabaci wannan. Malamansu kan buga misali da maharbi. Kibau da ke cikin kwari su ne ayyukan da aka tara, sanchita. Kibiyar da ta riga ta bar baka ita ce prarabdha, babu mai dawo da ita. Wadda ke hannu ba a saki ba kuwa, nan zaɓin mutum yake. Saboda haka kada ka ɗauka sun miƙa wuya ne kawai. Washegari da sassafe na ga dattijon nan yana kwashe gawayi da shebur.

Sai atman, wato rai. A wurinsu rai ba ya mutuwa, jiki yake sauyawa kamar mai tuɓe tsohuwar riga ya sa sabuwa, kuma babban buri shi ne kuɓuta daga wannan kai-da-kawowa, abin da suke kira moksha. Amma su ma ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. Mabiya wani babban malaminsu, Shankara, suna cewa rai da Brahman, asalin komai, abu guda ne. Madhva, malamin ƙarni na 13 daga yankin Udupi, ya ce sam, rai daban, Ubangiji daban har abada. Wani malamin, Ramanuja, ya tsaya tsakani. Duk wanda ya zauna a zaure ya ji gardamar Jabariyya da Ƙadariyya ba zai yi mamaki ba. Amfanin sanin wannan a gare ka: idan aka yi rasuwa a gidan abokin karatu, mafi yawa ƙona gawa ake yi, kada fuskarka ta nuna ƙyama. Sa fararen kaya, ka zauna shiru, ka yi ta'aziyya a taƙaice.

Wanda za ka fi cin karo da shi a titi shi ne bhakti da seva, ƙaunar abin bauta da hidima ba don lada a hannun mutane ba. Littafinsu Bhagavad Gita, mai babi 18 da baiti 700, a kan wannan ya fi tsayawa: abin bautarsu Krishna yana gaya wa jarumi Arjuna ya yi aikin da ya hau kansa ba tare da kwaɗayin sakamako ba, sannan a ƙarshe ya bar masa zaɓi ya yi abin da ya ga dama. Shi ya sa za ka ga babban ɗan kasuwa ya naɗe hannun riga yana raba puri, wata soyayyiyar gurasa, da miyar dankali a rumfar bhandara, inda ake ciyar da jama'a kyauta, musamman ranar Talata, ranar abin bautarsu Hanuman. Kunnen Bahaushe zai ji ƙamshin ikhlasi a nan. Kama da wane ba wane ba ce dai, kuma ba sai ka tsaya tantancewa a bakin titi ba. Ni dai ban taɓa ganin gardamar addini da direban Keke Napep, wanda su ke kira oto, ta haifi ɗa mai ido ba.

Inda za ka yi hattara shi ne prasad, abincin da aka fara miƙa wa abin bauta kafin a raba. Matar mai gidanmu ta taɓa hawo bene da laddu biyu, wani dunƙulallen kayan zaƙi, a ƙaramin faranti, goshinta da jan ɗigo, tana murmushi. Na ɗora hannu a ƙirji, na ce "dhanyavad, anti", wato na gode, na bayyana mata cewa addinina bai ba ni damar cin abin da aka kai wurin bauta ba. Ta ɗan yi jim, ta sauka. Bayan kwana biyu sai ga ta da kwalin alewa daga kanti, ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba. Da Sallah ta zo, ni ma na sauka musu da dabino.