Darasi na 9: Baƙin da ke Zaune Cikin Ganye

Kowa a ajin nan ya san funfuna. Ita ce ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko gyaɗar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba. To, tana da dangi da yawa, kuma wasunsu cikin itace mai rai suke zaune: a ganye, a ɓawo, a saiwa. Ido ba ya ganinsu, itacen kuma lafiyarsa ƙalau. Darbejiyar nan da ke yi wa titunan garin Marwa na Kamaru inuwa ma tana ɗauke da su.

Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi. Itace yana ciyar da su, wasunsu kuma suna fitar da sinadaran da ke korar ƙwari ko kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya ja hankalin masu bincike ke nan. Sukan wanke bayan ganye tas da maganin kashe ƙwayoyin cuta, su yayyanka shi, su ɗora a kan wani abinci na musamman cikin faranti mai murfi. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga siririn zare yana tsirowa daga bakin yankan. A 1993 wasu masana a Amurka sun ba da labarin cewa sun sami irin wannan funfuna a ɓawon wani itace, tana yin Taxol, maganin ciwon daji. Abin da take fitarwa kaɗan ne ƙwarai, har yau ba da ita ake yin na asibiti ba, amma ta buɗe ƙofa.

Yanzu a saurara da kyau, musamman iyaye mata masu jiƙa wa yara magani. Funfunar da ta fito a kan sassaƙen maɗaci ko ganyen sabara da kika ajiye ba magani ba ce. Wata irinta tana yin guba mai lalata hanta, kuma tafasawa ba ta kawar da gubar. Kada ki kankare ki yi amfani da sauran, zubar duka. A shanya ganye a kan tabarma mai tsabta inda iska ke ratsawa, har sai ya yi ƙaras a hannu. Kada a ƙulle shi a leda da sauran danshi, balle a watan Agusta.

Aikin gida: duba magungunan da ke rataye a ɗakinka, ka sunsuna, ka rubuta sunan duk wanda ya canza launi ko wari. Kawo takardar ranar Asabar mu karanta tare.