Yadda zaka gane gidan hayar da aka gyara da wanda aka shafa wa fenti kawai

Masu neman haya a cikin garin Gombe, dan Allah ku daina bari sabon fenti yana ruɗin ku. Abin nan yana min ciwo wallahi, bawan Allah ya tara kuɗin shekara da ƙyar, dillali ya kai shi gida a Tumfure ko Pantami yace ai yanzu aka gama gyara, ashe kwaskwarima ce, ruwan farko na damina sai asiri ya tonu.

In da hali kaje duba gida cikin watan Agusta, washegarin da aka tafka ruwa. In kuma rani ne ɗaga kai ka kalli silin, in kaga tabo ko wani gefe yayi ciki to kwanon yana yoyo, kace a buɗe maka kaga ko gara ta ci rafta.

Sai bango, a nan aka fi cutar mutane. Ɗauki makulli ka ƙwanƙwasa, duk inda kaji yana amsawa kamar ba komai a ciki filasta ta saki. Sunkuya ka shafa ƙasan bangon, in kaji sanyi ko fentin ya kumbura yana zubar da farin gari, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, ko sau nawa aka shafe zai dawo, yara kuma su yi ta tari. Tsagar da ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace tana da haɗari sosai, sau da yawa harsashin ginin ne ke motsi, toshe ta da siminti baya hana komai. Kuma kowa ya san yadda zaizayar ƙasa take a Gombe, zagaya bayan gidan kaga nisansa da kwari da inda ruwan unguwa yake bi.

Banɗaki ka zuba bokiti biyu ka tsaya, in ruwan yaƙi wucewa ko dai sokawe ya cika ko bututu ya toshe. Famfo sabo fil ba shi ne ruwa ba, tambayi mai ga-ruwan layin ko ruwan famfo na dam ɗin Dadin Kowa yana zuwa nan, shi ba zai ɓoye maka ba. Wuta kuma a nuna maka bil ɗin kamfanin wuta JED na ƙarshe kar ka gaji bashin wani.

Duk gyaran da mai gida yayi alkawari a rubuta a takarda da shaidu, ayi shi kafin ka bada cikon kuɗi.